Wutsiyar Idon Inna

Inna ce da bakinta ta ce in kai ta Abuja. Ina zaune a tsakar gida ina duba takardun jarrabawar 'yan ajina, ita kuma tana tsince wake a faifai, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "In anka yi hutun lakwal, ki kai ni Abuja in gani."

Na ajiye biro na dube ta. Matar da ta ƙi zuwa Kano bikin jikar ƙanwarta, wai hayaniya ta yi yawa. Matar da duniyarta ta tsaya tsakanin Maraɗi inda aka haife ta da Jibiya inda aka kawo ta aure, har yau makaranta lakwal take ce mata irin na mutanen can. Na ce, "Inna, mi kika aje a Abuja?"

Ta ce, "Ina ruwanki? Ba gari ba ne? Kowa na zuwa shi gani."

Na san abin da ta ajiye a can. Yayanmu ne, ɗanta na fari, wanda ke aikin gwamnati a Abuja tun ina ƙaramar sakandare.

A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta duban fuskarsa. Matan yanzu sun watsar da wannan, har rungume shi suke yi su ɗauki hoto su sa a waya, amma Inna 'yar da ce, kuma a gidansu kunyar nan ba wasa ba ce. Da aka yaye Yaya, gwaggonmu ta Daddara ta zo ta goya shi ta tafi da shi. An ce Inna ko leƙowa ba ta yi ba, kuma har na girma tsofaffin unguwa suna yaba mata a kan haka. Daga Daddara ya tafi makarantar kwana, daga can jami'a, daga can Abuja. Idan ya zo gida zai durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana gyaran shimfiɗar da ba ta buƙatar gyara. Sai ta juyo gare mu ta ce, "Ku tambayi yayanku ko ya ci abinci." Shi kuwa yana nan durƙushe, kusa da ita har in ta miƙa hannu za ta iya taɓa shi.

Amma ni na kama ta tun ina yarinya. Madafarmu tana kallon gindin darbejiyar da ake alwala. Duk lokacin da Yaya ya ɗauki buta ya tsuguna a can, sai aiki ya taso wa Inna a madafa. Fuskarta tana kan tukunya, muciya tana hannunta, wutsiyar idonta kuwa tana kansa tun daga wankin hannu har zuwa ƙafa. Bayan ya tafi sai ka ji rahoto. "Yayanku ya rame." "Yayanku shina ɗingishi kaɗan, ku tambaye shi mi as same shi." Duk abin da ta sani game da ɗanta, ta gefen ido ta sato shi.

Gefen idon nan ne ciwo ya fara ci.

Da farko mun ɗauka tsufa ne. Ta riƙa tuntuɓe da turmi, tana buga kafaɗa da ƙyaure. Akuya ta zo ta gefenta ta cinye mata rabin tsaki ba ta sani ba. Ranar da wani mai babur ɗauke da jarkokin fetur ya kusa kwashe ta a bakin tasha, ta rantse ba ta ga fitowarsa ba, ranar na ce sai mun je Katsina. Likitan ido ya duba ya sake dubawa, ya ce hawan jinin ido ne. Ya naɗe hannunsa kamar bututu ya ɗora a idonsa don in gane. Ya ce ciwon daga gefe yake farowa, yana ci yana matsowa tsakiya, har ya rage sai abin da mutum ya kalla kai tsaye, daga baya shi ma ya tafi. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Maganin ɗigawa jinkirtawa kawai yake yi, mu kuma mun zo a makare.

A mota, muna komawa Jibiya, Inna ta riƙe mini hannu ta ce, "Kar ki hwaɗa ma yayanku. Shina da aikinshi."

A lokacin Yaya ya yi shekaru bai zo gida ba, tun da hanya ta lalace da 'yan bindiga. Ba zan yi masa ƙarya ba, saƙo bai taɓa yankewa ba: shinkafa, atamfa, magani. Yana kira a waya, ta karɓa ta ce lafiya lau, ta miƙo mini. Sau ɗaya na kira shi ta bidiyo na juya mata wayar, ta ture hannuna kamar na miƙa mata garwashi. Wannan ido da ido ne, ba za ta iya ba. Don haka da ta ce in kai ta ta ga Abuja, na fahimci lissafinta sarai. Tana so ta je inda yake tun da sauran haske, ta sami wata kusurwa, ta yi irin satar kallon da ta saba, ta dawo gida.

Da aka yi dogon hutu, damina ta yi tsakiya, muka tafi. Inna ta haɗa tsaraba kamar mai zuwa ƙasar yunwa: man shanu, kuka, daddawa, da cukun da ta sa wata ƙanwarta ta aiko daga ƙetaren iyaka, don ta ce tun yana yaro yake son sa. Ban tambaye ta yadda ta sani ba. Muka bar manyan motocin hatsi a jere a bakin iyaka suna jiran a sake su, muka kama hanyar Katsina, daga can Funtuwa, Zariya, Kaduna. Gonaki sun yi kore shar, amma Inna ta rufe idonta kusan duk tafiyar. Na taɓa ta na ce ko barci take ji. Ta ce, "A'a. Tattalinsu nikai."

Gidan Yaya bene ne a cikin wata unguwa mai katanga da masu gadi. Matarsa ta tarbe mu da mutunci, wannan ba zan ɓoye ba. Ta durƙusa har ƙasa, ta karɓi tsarabar da hannu biyu, ta ba mu ɗaki a ƙasa saboda ƙafar Inna, da gado mai laushi da banɗaki a ciki. Ni dai tun daga shigowa nake waige-waige ina neman tsakar gida. Babu. Daga ƙofa sai falo, daga falo sai ɗakuna da matakala. A waje tayil ne da furanni da garejin mota, babu gindin itace, babu randa, babu ko buta guda a ajiye.

Da yamma Yaya ya dawo daga ofis. Ya ƙwanƙwasa, ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba. Inna ta juya ta hau ninke zanen da tun ɗazu yake a ninke.

Ya ce, "Inna, sannu da hanya. An ce kina son ganin Abuja."

Ta ce da ni, "Ce mashi e."

Ya ce, "To za ki gan ta har ki gaji. Na bar muku mota da direba, duk inda kuke so."

Murna ce a muryarsa, ta gaske. Daga baya matarsa ta gaya mini cewa tun da na kira shi yake shiri, yana cewa tun da aka haife shi wannan ne karo na farko da Inna ta nemi wani abu a wurinsa. Ta nemi Abuja, shi kuma ya ɗaura niyyar ba ta Abuja gaba ɗaya.

Haka aka fara yawo da mu. Direban dattijo ne mai haƙuri, ya san garin kamar cikin aljihunsa, kuma ya ɗauki aikin da muhimmanci. Ya kai mu babban masallaci mai ƙubbar zinariya. Ya kai mu bakin tafki inda masu hali ke hawa kwalekwale don nishaɗi, Inna ta tambaya ko kifi suke kamawa. Ya kai mu wani katafaren kanti mai matakalar da ke tafiya da kanta, na riƙe ta muka hau muka sauko ba mu sayi komai ba. Ya fita da mu wajen gari zuwa dutsen Zuma, ya tsaya a gefen titi yana nuna mata da yatsa, wai ga ido, ga hanci, ga baki, dutsen yana da fuskar mutum. Inna ta tsura masa ido tsawon lokaci, tana juya kai a hankali kamar mai haska tocila. Ta ce, "Madalla." Duk abin da aka nuna mata, madalla take cewa.

Ni kuwa garin ya tsaya mini a wuya. Tituna masu faɗi kamar filin idi, amma babu mutane a kansu sai motoci. Ba mai zama a ƙofar gida, ba mai yi maka sannu. Ana ruwan sama, wani ma'aikaci yana tsaye yana ba ciyawa ruwa da tiyo don an ce masa aikinsa ke nan. A Jibiya in ka zauna a bakin zaure rabin gari zai wuce ta gabanka kafin azahar, ka ga wanda kake so da wanda ba ka so. A nan an gina komai yadda ba wanda zai ga kowa sai ya nemi izini. Kullum muka dawo ina kallon Inna tana ɗiga magani a idon da ta ɓata wajen kallon duwatsu da gine-gine, sai raina ya ɓaci.

A gida kuma ba ta samu ba. Yaya a sama yake kwana, a sama yake alwala, a sama ake kai masa karin kumallo. In ya shirya sai ya leƙo ya gaishe ta daga ƙofa, ita kuma ta kau da kai. A da, wannan kau da kan ma yana ba ta wani abu, don gefen ido yana aiki. Yanzu in ta juya, bango kawai take gani. Daga nan ya bi wata ƙofa ta ciki zuwa gareji, ya shiga mota mai baƙin gilashi, mai gadi ya buɗe, ya fita. Inna ta ɗauki kujera ta kai bayan labulen taga tana jira. Amma mai gani ta bututu, kafin ya laluba ya samo abin da ke tafiya, abin ya wuce.

"Ya hita?"

"Ya hita, Inna."

Sai ta saki labulen ta ce ai dama furannin take kallo.

Akwai babban hotonsa a falo, cikin farar shadda da hula. Wata rana na fito na tarar da ita tsaye a gabansa, hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ba ta ji zuwana ba. Da ta ji, ba ta ma yi ƙoƙarin wayancewa ba, ta ce, "Ina tabon?"

Na ce, "Wane tabo?"

"Na saman gira. Wanda ya hwaɗi bisa dutsin niƙa shina rarrahe."

Masu hoto sun goge shi. Sun goge komai, sun mayar da fuskar sumul kamar ta ɗan tsana, kuma hoton ma tsoho ne. Ta ɗan ƙara tsayawa, ta ce, "Wanga ba shi ba ne," ta koma ɗaki.

Ranar Juma'a na yi dabara. Na ce wa Yaya Inna tana so ta yi salla a babban masallaci, mu tafi tare. Ya ji daɗi. Ya shiga gaba kusa da direba, mu muna baya, na zaunar da ita daidai bayansa. Tun daga gida har masallaci idonta yana kan ƙeyarsa, ɗan wurin nan tsakanin hula da wuyan riga. Yana ta nuna mata gine-gine ta taga, wannan ma'aikatar kaza ce, wancan otal ne, bai juyo ba, don ya san ba ta son a juyo. A masallaci maza suka yi nasu wuri mata suka yi nasu. Da aka idar wani abokinsa ya ɗauke shi zuwa ɗaurin aure, direba ya dawo da mu. A hanya Inna ta ce, "Yayanku ya yi ƙiba." Abin da ta samu ke nan, kuma har da ɗan murmushi ta faɗa.

Murmushin nan ne ya ƙarasa ni. Washegari da safe na hau saman benen da ban taɓa hawa ba, na same shi yana shan shayi. Na gaya masa komai: turmin, mai babur, likitan Katsina da bututun hannunsa. Na yi mata alkawari, na karya, kuma ko yau aka maimaita sai na sake karyawa.

Ya ajiye kofi. "Kuma kuka ɓoye mini? Wane irin abu ne wannan?" Kafin in rufe baki ya ɗauki waya yana neman lambar wani babban likita.

Na ce, "Yaya, aje wayar nan. Ba likita ta zo gani ba, ba dutsi ta zo gani ba. Kai ta zo gani."

Ya dube ni, ya yi wata dariya marar daɗi. Yaya ya daɗe da mayar da bakinsa irin na rediyo, amma da ransa ya ɓaci sai Katsinancin ya dawo masa. Ya ce, "Ni? Ke kin san mi kike hwaɗi? Ina zuwa hutu daga Daddara in ji tana kiran sunanku ɗaya bayan ɗaya, ni ko sai dai yayanku. Randa za a kai ni makarantar kwana Gwaggo ta yi kuka har ta shiɗe, ita ko zaure ba ta hito ba. Na san al'ada ce. Na sani tun ina yaro, an hwaɗa mani har na haddace. Sanin bai hana ya yi mani ciwo ba."

Ban taɓa jin haka daga bakinsa ba. Na gaya masa labarin madafa da gindin darbejiya, da rahoton da take ba mu bayan ya tafi. Ya riƙa juya cokali a cikin kofi. Na ce, "Abu guda nike roƙo. Ka sauko da buta ka yi alwala a waje, daidai tagarta. Ka ɗauki lokaci. Ka yi kamar ba ka san tana nan ba. Shi ke nan, mu koma gida."

Ya ce, "In tsuguna bisa tayil da buta ina wasan kwaikwayo a gidana, masu gadi na kallo? Uwata ce hwa. In tana son ganina, ba sai ta yi sata ba. Zan zo in zauna gabanta ta dube ni, kamar kowace uwa."

Na ce, "Ba za ta iya ba."

Ya ce, "Ta gwada. Sau ɗaya a rayuwarta, ta gwada."

Na sauko ina huci. Ya fi ni karatu, ya fi ni shekaru, amma a kan Inna ko ɗan aji ɗaya ya fi shi.

Wurin likitan ya fara kai ta, ko in ce ya sa aka kai ta. Asibiti mai ƙamshi, na'urori iri-iri, kuma maganar ba ta sauya ba: a ci gaba da ɗigawa, abin da ya tafi ya tafi. Tun a ɗakin jira Inna ta gane na tona. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Cikinki bai riƙe magana," daga nan ta ɗauke mini wuta har yamma. Kujerar bayan labule ma ta mayar da ita inda ta ɗauko, don yanzu ya san tana kallo.

Ranar da za mu koma, da safe, mun gama ɗaure kaya, Yaya ya shigo. Bai tsaya a ƙofa ba. Ya jawo kujera ya ajiye daidai gaban gadon da take zaune, ya zauna, gwiwarsa ta kusa taɓa tata. Ya cire hula ya ɗora a cinya. Ya ce, "Inna, ga ni. Ki dube ni."

Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai.

Na kama hannun matarsa muka fita, na ja ƙofa na bar 'yar kafa. Na ce ko idonmu ne ya hana ta. Daga inda nake ina ganin gefen fuskarta. Wallahi ta gwada. Na ga jijiyar wuyanta ta miƙe, haɓarta ta ɗago kaɗan, idonta ya bar ƙasa ya hau ƙafarsa, ya kai gwiwa, ya kai hular da ke cinyarsa. A nan ya tsaya. Sai kan ya koma ƙasa kamar an danna shi. Ta sake ɗagowa, ta sake komawa.

Shi ma ya jira, ba zan zalunce shi ba. Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu bai taɓa ta ba. Ya sake cewa, a hankali, "Inna." Da zai kau da kansa ya kalli taga, da zai yi kamar yana neman wani abu a ƙasa, da ta samu. Amma ya kafe ta da ido yana jira, don shi ma abin da ya yi shekaru yana jira ke nan. Ina bayan ƙofa ina cizon yatsa, kamar in shiga in kama kansa in juya.

Can sai na ji muryarta, a dishe. "Ku ce ma yayanku shi tahi aiki, kar shi makara."

Babu kowa a ɗakin sai su biyu.

Ya mayar da hularsa ya tashi. Ya wuce ni a bakin ƙofa, idonsa ja wur, ya ce, "Kin gani ko?" Na gani. Na ji haushinsa, na ji haushinta, na ji haushin tsofaffin da suka yaba mata tun tana yarinya har yabon ya sandare mata a wuya. Na ji haushin garin da aka kashe dukiya aka gina, aka rasa inda tsohuwa za ta raɓe ta kalli ɗanta. Haka muka kamo hanyar gida. Wannan karon ba ta rufe ido ba, ta bar su a buɗe suna kallon titi.

A Jibiya mata suka cika gida suna yi mata barka da dawowa. Inna ta ba su labari tsaf: dutse mai fuska, masallaci mai zinariya, matakala mai tafiya da kanta, ruwan zafi da ke fitowa daga bango. Suna ta salati. Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Kai, ɗanki ya yi maki gata, kin ga duniya." Inna ta ce, "Ƙwarai kuwa." Na tashi na shiga madafa don kada bakina ya sake kwance mini.

Hasken bai daɗe ba bayan nan. Ya riƙa tsukewa, ta daina tsince wake, ta daina gane mai shigowa sai ya yi magana. Wata safiya ta tambaye ni ko gari ya waye, alhali rana ta kai tsakar gida.

Yaya ya zo bayan wata babbar salla, da hanya ta ɗan lafa. Ya yi sallama a ƙofar ɗakinta. Inna ta juyo da fuskarta gaba ɗaya inda muryar ta fito, idanunta a buɗe tar, daidai kan fuskarsa. Ba ta kawar ba. Ban taɓa ganin haka ba tun da nake. Shi ne ya kasa, ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa. Ta tambaye shi hanya, ta tambaye shi yara, da bakinta, ba ta bi ta kaina ba. Ya amsa yana kallon tabarma. Bai kwana ba, da la'asar ya juya ya kama hanyar Katsina.

Da ƙarar motarsa ta ɓace, ina tattara kwanuka, ta kira ni.

"Ke, yayanku ya yi hurhura?"

Na ce, "Ya yi, Inna. Gemun duk ya yi hwari."

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na so in ce mata bana ne. Na ce, "Tun kahin mu je Abuja."

Ta bar fuskarta tana fuskantar ƙofar da ya fita. Sannan ta ce, "Ashe tsoho na je nema."